Bela Lugosi: Mutumin Da Harshensa Ya Ɗaukaka Shi, Ya Kuma Ɗaure Shi

Waɗanda suka yi zamanin hayar kaset ɗin bidiyo za su iya tuna wani fim na Amurka mai suna From Dusk Till Dawn, wanda ya fito a 1996, Quentin Tarantino ya rubuta, Robert Rodriguez ya ba da umarni. Rabinsa na farko labari ne na wasu 'yan fashi biyu, wa da ƙane, da suka yi garkuwa da wani tsohon limamin coci da 'ya'yansa domin su tsallaka iyaka zuwa Meziko. Suna yada zango a wata mashaya sai labarin ya juye, ashe gidan matattarar fatalwowi ne masu shan jinin mutane. Na daɗe ina zaton nan aka fara gwama labarin 'yan sanda da ɓarayi da na mashaya jini, sai daga baya na ci karo da Mark of the Vampire, wanda kamfanin MGM ya fitar tun 1935. Abin da ya tsaya mini a rai daga wannan tsohon fim, a matsayina na mai koyar da kimiyyar harshe, shi ne mutumin da ya fito a matsayin fatalwar, wato Bela Lugosi. Duk duniya da muryarsa aka san shi, amma a fim ɗin bai buɗe baki ba sai a mintunan ƙarshe. Rayuwarsa nake son mu duba yau, domin a nawa ganin tarihi ne na abin da karin harshe ke iya yi wa mutum.

An haife shi ranar 20 ga Oktoba, 1882, a garin Lugos na ƙasar Hangari ta wancan lokaci, wanda yanzu yake cikin Romaniya. Sunansa na yanka Bela Blasko, kuma shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu. Yana ɗan shekara 12 ya bar makaranta ya shiga aikin ƙarfi, daga nan ya faɗa ƙananan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo masu yawo gari-gari. A nan ya ɗauki sunan Lugosi, wato mutumin Lugos, kamar dai yadda namu kan jingina sunansa ga garinsu. A 1913 ya samu shiga Babban Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa a Budapest, ko da yake yawancin abin da ake ba shi a can ƙananan matsayi ne. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 ya shiga sojan daular Ostiriya da Hangari, ya yi yaƙi a fagen Rasha, ya samu rauni, ya bar soja a 1916. Shekara guda bayan haka ya fara fitowa a finafinan da ba su da magana.

Siyasa ce ta raba shi da gida. A 1919 'yan gurguzu ƙarƙashin Bela Kun suka kafa gwamnati a Hangari, Lugosi kuwa yana cikin jagororin ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa. Gwamnatin ba ta wuce 'yan watanni ba ta faɗi, aka shiga farautar duk wanda ya raɓe ta. Ya gudu Biyana, daga can ya wuce Balin inda ya yi 'yan finafinai, sa'an nan ya kama aiki a jirgin ruwan dakon kaya, ya sauka New Orleans a Disamba 1920. Yana da shekara 38, kuma ba ya jin Turanci. Mai karatu ya riƙe wannan shekarun, domin duk abin da zai biyo baya a kansu ya rataya.

Abin da muka sani a fanninmu shi ne babba yana iya naƙaltar nahawu da kalmomin baƙon harshe har ya fi 'yan gida, amma da wuya ya rabu da tsarin sautin harshen uwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Harshen Hangari kuwa ba dangin Ingilishi ko Jamusanci ba ne, danginsa su ne irin harshen Finlan. A cikinsa nauyin furuci kullum a gaɓar farko ta kalma yake sauka, alhali a Ingilishi nauyin yawo yake yi. Ba shi da sautin da Ingilishi ke rubutawa da w, sai masu shi su maye gurbinsa da v. Yana kaɗa r, yana kuma bambance dogon wasali da gajere, da baƙi guda da ninkakke, kamar yadda Bahaushe ke raba gadon kwanciya da gadon dukiya, ko daba da dabba. Idan aka ɗora wannan tsari a kan Ingilishi, sai magana ta fito a hankali, kowane wasali a cike, kowace kalma da nauyi a goshinta. Masu rubuta tarihinsa sun ruwaito cewa a wasansa na farko da Ingilishi a Niyu Yok, The Red Poppy na 1922, haddace sautukan ya yi kafin ya gama fahimtar ma'anarsu.

Wannan lafazi ne ya zame masa arziki a 1927, lokacin da aka kawo wasan Dracula dandamalin Broadway. An ɗauko shi daga littafin da Bram Stoker ya wallafa a 1897, labarin wani basarake daga Turansilbaniya da ya mutu bai mutu ba, yana kwana cikin akwatin gawa da rana, da dare ya fito shan jini. Masu kallo ba su taɓa jin mugu mai irin wannan murya ba, mai natsuwa da kwarjini, wadda ba su iya cewa ga inda ta fito. An yi wasan sau 261 a Niyu Yok kafin a fita da shi rangadi. Da kamfanin Universal ya tashi mayar da shi fim, sai ya fara neman wasu, Lugosi ya yi ta naci har aka ba shi a kan dala 500 a mako, na mako bakwai, jimla dala 3,500. Fim ɗin ya fito a Fabrairu 1931 ƙarƙashin darakta Tod Browning, ya kawo wa kamfanin kuɗi masu yawa. Shi kuwa tauraron, a 1932 ya je kotu ya bayyana karayar arziki.

Akwai wani abin lura a littafin Stoker. Basaraken nan ya koyi Ingilishi ne daga littattafai, babbar damuwarsa kuwa kada ya isa Landan mutane su gane baƙo ne daga bakinsa, shi ya sa ya roƙi lauyan da ya ziyarce shi ya riƙa gyara masa furuci. Abin da dodon littafi ya ji tsoro, shi ya samu ɗan wasan da ya wakilce shi. Daga 1931 Holiwud ba ta ƙara jin muryar Lugosi ta ji wani abu ban da barazana ba. Mutumin da ya yi wasannin Shakespeare a ƙasarsu, wanda har ya taɓa fitowa a matsayin Almasihu a dandamali a 1916, sai ya koma boka, ko mahaukacin likita, ko ɗan leƙen asiri. A shekarar da Dracula ya fito an so ya fito a matsayin dodon Frankenstein, wanda ba ya magana, amma hakan bai yiwu ba, matsayin ya faɗa hannun Boris Karloff, ɗan Ingila. Karloff ma an ɗaure shi da finafinan tsoro, amma Turancinsa na Landan ya bar masa ƙofar rediyo da dandamali a buɗe. A fim ɗin The Raven na 1935 Lugosi ne ke ɗauke da labarin, amma sunan Karloff aka sa a gaba, shi aka kuma biya da tsoka.

A wannan shekara ce aka yi Mark of the Vampire, kuma Browning ne ya sake ba da umarni. An tsinci gawar wani attajiri a gidansa kusa da birnin Prague, babu jini a jikinsa, ga huda biyu a wuya. Mutanen ƙauye suka ɗora laifin a kan fatalwar wani basarake mai suna Mora da 'yarsa, sufeton 'yan sanda kuwa ya ƙi yarda. Mai kallo zai shafe kusan awa guda yana ganin Lugosi cikin baƙar alkyabba yana ratsa hazo da yanar gizo-gizo, shiru. A ƙarshe sai ta bayyana cewa babu wata fatalwa. Aminin mamacin ne ya kashe shi don ya auri 'yarsa, ya kuma zuƙe jinin don ya fake da camfin mutane. Fatalwowin 'yan wasa ne da masu bincike suka ɗauko haya domin su rikita shi ya tona kansa. Sai a nan Lugosi ya yi magana, a matsayin ɗan wasa yana yabon yadda ya taka rawarsa, ana tattara kaya. Fim ɗin Tarantino ya fara da laifi ya ƙare da fatalwa, wannan kuwa ya fara da fatalwa ya ƙare da laifi, kuma har yau masu sha'awar tsofaffin finafinai suna gardama kan ko wannan juyi gwaninta ce ko yaudara. Ni abin da na gani shi ne ɗan wasa da aka yi hayarsa ya zama dodo, kuma wannan shi ne taƙaitaccen aikin Lugosi a Amurka.

Bayan 1936 kasuwar finafinan tsoro ta faɗi, musamman saboda matsin hukumar tace finafinai ta Birtaniya, Lugosi ya zauna babu aiki har ya rasa gidansa, ga shi an haifa masa ɗa a 1938. Sake nuna Dracula da Frankenstein tare a wannan shekara ne ya farfaɗo da kasuwar. A 1939 ya fito a matsayin Ygor, maƙeri mai karyayyen wuya, a Son of Frankenstein, inda ya sauya murya ya sauya tafiya, kuma da yawa daga masu nazari suna ganin nan ya fi nuna iyawarsa. Wannan hujja ce cewa gwanintar tana nan, masu ba da aiki ne suka taƙaita tunaninsu. A 1943 ya karɓi matsayin dodon nan da ya kuɓuce masa a 1931, an kuma rubuta masa magana, amma kafin a saki fim ɗin aka yanke duk abin da ya faɗa. A 1948 ya sake zama Dracula a fim, karo na biyu kuma na ƙarshe, a wani wasan barkwanci na Abbott da Costello.

Adalci ne a faɗi nasa laifin. Hannunsa a sake yake, ba ya ajiya, ba ya kuma iya ciniki, abin da aka miƙa masa shi yake karɓa. Mafi yawan hulɗarsa da 'yan ƙasarsu ce, abin da bai taimaki Turancinsa ba. Ya yi aure sau biyar. Ciwon jijiya mai saukowa daga ƙugu zuwa ƙafa, wanda ake dangantawa da raunin yaƙi, ya sa likitoci suka ɗora shi a kan mofin, daga magani abin ya zama jaraba. Amma a 1955 ya yi abin da taurarin zamaninsa ba su yi: ya miƙa kansa asibitin gwamnati a Kalifoniya, ya bar 'yan jarida suka ɗauke shi hoto a rame, ya yi wata uku ya fito. Shekarunsa na ƙarshe ya yi su ne tare da Ed Wood, matashin darakta marar jari wanda ke ƙaunarsa. A The Black Sleep na 1956 bebe ya fito. Ya mutu ranar 16 ga Agusta, 1956, a Los Angeles, sanadiyyar bugun zuciya, yana da shekara 73, iyalinsa suka binne shi da alkyabbar Dracula. 'Yan hotunan da Wood ya ɗauke shi ba tare da sauti ba su aka cusa a Plan 9 from Outer Space, aka cike sauran da wani mutum yana rufe fuska da alkyabba. Lambar Oscar da bai taɓa kusanta ba, Martin Landau ya samu a 1995 saboda kwaikwayonsa a fim ɗin Ed Wood.

Ba sai mun je Holiwud ba kafin mu gane wannan hali. Mun san yadda finafinan kudancin ƙasar nan suka daɗe suna nuna Bahaushe a matsayin maigadi mai musanya p da f, muna kuma jin zafi. Amma mu ma a namu finafinan, da Bagware ko Bafulatani ko Bayarabe ya buɗe baki da Hausa, an riga an yanke cewa dariya aka kawo shi ya bayar. A aji ina ganin ɗalibai masu kaifin basira da ke ƙin ɗaga hannu don kada a ji Turancinsu, ina kuma zama a kwamitocin da ake auna mai neman aiki da lafazinsa kafin a saurari abin da ya faɗa. Karin harshe shaida ce ta inda mutum ya tashi da shekarun da ya fara koyo, ba ya faɗin zurfin iliminsa ko halinsa. Lugosi ya shekara 35 a Amurka, ya zama ɗan ƙasa a 1931, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yan wasan fim ta ƙasar a 1933, amma har ya mutu baƙo ake jin sa. Yau duk yaron da ya sa alkyabba ya ja murya don ya tsorata ƙannensa, ko a Turai ko a Asiya, lafazin mutumin Lugos yake kwaikwayo, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Duk wanda a cikinmu yake zaune a kujerar tantance mutane, malami ne ko manaja ko darakta, ya kamata ya tambayi kansa mutum nawa ya ba matsayin bebe saboda yadda suke furta kalma.