Gertrude Elion: Matar da ta koma kan sinadarin da ta jingine shekara 20

A shekarar 1948, Gertrude Elion, 'yar shekara 30, ta haɗa wani sinadari mai suna diaminopurine a kamfanin magunguna na Burroughs Wellcome da ke Amurka. Gwaji ya nuna yana hana ƙwayar bairas hayayyafa, amma gubarsa ta yi yawa, sai aka jingine shi.

An haife ta a birnin New York ranar 23 ga Janairun 1918. Tana da shekara 15 ciwon daji ya kashe kakanta, abin da ya ja ta zuwa kimiyyar sinadarai. Ta kammala Kwalejin Hunter a 1937, amma ɗakunan bincike ba su cika ɗaukar mata ba a lokacin, har ta kai ga aikin auna tsamin kayan abinci. Sai a 1944 George Hitchings ya ɗauke ta, bayan yaƙi ya kwashe maza.

Dabararsu ita ce ƙera tubalin bogi mai kama da waɗanda ake gina DNA da su, domin ƙwayar cuta ta ɗauka, gininta ya tsaya. Ta wannan hanya aka samu mercaptopurine na sankarar jinin yara, da azathioprine da ya sauƙaƙa dashen ƙoda.

A 1968 ta waiwayi tsohon sinadarin nan, alhali masana da dama na ganin duk abin da zai kashe bairas sai ya illata jikin mutum. Daga wannan aiki acyclovir ya fito. Abokin aikinta Howard Schaeffer ne ya haɗa shi, ita da tawagarta suka gano sirrinsa: maganin kwance yake a jiki, sai bairas ɗin da kansa ya tashe shi da wani sinadarinsa, shi kuma ya katse masa ginin DNA, lafiyayyun ƙwayoyin jiki kuwa kusan ba ya taɓa su. Har yau da shi ake magance ƙarambau mai tsanani da cututtukan hapis.

Ta samu lambar yabo ta Nobel a 1988 tare da Hitchings da James Black, ba tare da digirin digirgir ba. An ce ta zaɓi karatu ko aiki, ta zaɓi aiki. Ta rasu ranar 21 ga Fabrairun 1999 a jihar Karolaina ta Arewa.