B. F. Skinner (1904–1990): Horon Dabba da Lada

An haifi Burrhus Frederic Skinner a Amurka a 1904. Da burinsa na zama marubuci ya ci tura, sai ya koma nazarin halayya a Jami'ar Harvard, ya sami digirin digirgir a 1931. Gwaje-gwajensa kan ɓeraye da tattabaru sun nuna cewa dabba kan maimaita aikin da lada ya biyo bayansa nan take. Cikas ɗin shi ne jinkiri: kafin abinci ya kai baki, ta shiga wani aikin. Saboda haka a 1951 ya ba da shawarar amfani da 'yar na'ura mai ƙarar ƙyas, wadda dabba ta saba jin ta tare da abinci, don shaida mata ta yi daidai. Wannan ya sha bamban da takunkumi da sandar masu wasa da kura a ƙasar Hausa. Sankarar jini ce ajalinsa a 1990.