Michael Imoudu, Uban 'Yan Ƙwadagon Nijeriya

'Yan'uwa ma'aikata na Jimeta da cikin Yola, duk wanda ya taɓa duba takardar albashi ya ga an zare kuɗin ƙungiya tun kafin kuɗi su shigo hannu, to ya kamata ya san mutumin nan.

An haifi Michael Imoudu a 1902 a ƙasar Ora, cikin Jihar Edo ta yanzu. Ya kama aikin reluwe a Ikko, a ma'aikatar gyaran jirage ta Ebute Metta. A lokacin Bature ke ɗauka, shi ke kora, shi ke yanka lada, babu mai cewa uffan. Da aka yi dokar ƙungiyoyin ƙwadago a 1938, sai ƙungiyar ma'aikatan reluwe ta yi rajista a 1940 yana shugabanta. Bai daɗe ba ya zame wa Turawa ƙarfen ƙafa kan kuɗin tsadar rayuwa, har suka tsare shi a 1943. Sakinsa ke da wuya a 1945 aka shiga yajin aikin gama-gari na fiye da kwana 40. Mu nan dogo bai iso mana ba, sai jirgin ruwa da damina, amma inda ya ratsa, kamar Zariya da Kano, an ji a jika.

Abin mamaki, gwamnatin Janar Obasanjo da ta haramta masa harkar ƙwadago a 1977, ita ce a 1978 ta haɗe ƙungiyoyi zuwa 42 ƙarƙashin NLC, ta kuma sa masu ba da aiki su riƙa cire kuɗin ƙungiya daga albashin ƙananan ma'aikata, sai fa wanda ya rubuta cewa ba ya so. Nan gardama ta tashi. Shugabannin ƙwadago suka ce wanda ya ci ƙarin albashin da aka yi yaƙi a kai, dole ya sa hannu a aljihu. Masu kamfanoni da wasu ma'aikata suka ce tilas ce. A ganina kowa na da gaskiyarsa, amma shugaban da kuɗi ke zuwa masa ba roƙo, yakan manta da mambobi.

Imoudu ya koma siyasa, ya zama mataimakin Malam Aminu Kano a PRP. Da jam'iyyar ta rabe a 1980, shi ya ja ɓangaren su Abubakar Rimi da Balarabe Musa.

Ya rasu a watan Yuni na 2005 yana da shekara 102, 'yan watanni bayan Obasanjo, a zamansa na farar hula, ya sa hannu kan gyaran dokar da ta ce shiga ƙungiya ganin dama ne.