Hideyo Noguchi: likitan Japan da shawara ta kashe a Accra

Mazauna Nima, Maamobi da Kawukudi sun san sunan Noguchi, musamman tun 2020 da ake kai gwajin korona cibiyar bincike ta Legon. Mai sunan ne ba kowa ya sani ba.

An haifi Hideyo Noguchi a 1876 a Inawashiro, ƙasar Japan, a gidan talakawan manoma. Yana rarrafe ya faɗa murhu, yatsun hannunsa na hagu suka manne. Tiyatar da aka yi masa daga baya ce ta sa masa son likitanci. A 1900 ya tafi Amurka, ya fara da binciken dafin maciji, sannan ya shiga Cibiyar Rockefeller. A 1913 ya gano ƙwayar tunjere cikin ƙwaƙwalwar majinyata, sunansa ya zaga duniya.

A 1918 ya je Ekwado, ya ce ya gano wata bakteriya da ke haddasa zazzaɓin shawara, har ya haɗa rigakafi. Ruwan jini ne ya ƙaryata shi. Duk wanda ya warke daga shawara, jikinsa kan ƙera wasu sinadaran furotin da ke yawo cikin ruwan jininsa, su gane cutar su damƙe ta, kuma da wuya ta sake kama shi. Da aka gwada ruwan jinin waɗanda suka warke, ko kallon bakteriyar Noguchi bai yi ba. Ashe ƙwayar wata cuta ce daban da ita ma ke sa ido rawaya.

A 1927 aka ɗebi jinin wani mutum mai suna Asibi a Kpeve, aka sa wa birai, aka tabbatar bairas ne. Noguchi bai gamsu ba. A Nuwamban shekarar ya iso Accra, ya duƙufa kan birai dare da rana. Ni dai taurin kai nake gani a nan, amma na mutumin da ya zo da ƙafarsa inda cutar take. Yana shirin komawa zazzaɓin ya kama shi, ya mutu ranar 21 ga Mayu 1928 yana da shekara 51. Dakta William Young da ya binciki gawarsa ya bi shi bayan 'yan kwanaki.

Daga ƙwayar jinin Asibi ne Max Theiler ya samar da rigakafin shawara a 1937, wanda ake tambayar katinsa a iyakar Aflao da Paga har yau.