Abubakar Imam: Marubucin da ya lulluɓe labaran soyayya da raha da kunya

A cikin birnin Zazzau, daga Ƙofar Doka har zuwa Ƙofar Jatau, da wuya a sami dattijon da ya yi boko bai san akun Magana Jari Ce ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a ƙasar da akun nan ya fito, ba ɗan sarki yake tsarewa ba. Matar aure yake hanawa fita wurin kwartonta.

Wanda ya sauya masa aiki shi ne marigayi Alhaji Abubakar Imam, kuma a Zariya ya yi wannan sauyi, a shekarar 1936.

An haifi Imam a Kagara, cikin jihar Neja ta yanzu, a 1911. Gidansu gidan malamai ne da alƙalai, don haka ya buɗe ido da karatun allo da littattafan Larabci tun kafin ya shiga boko. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya gama a 1932, aka ɗauke shi koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

Gasar 1933

Bai daɗe da kama aiki ba sai Rupert East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya zagaya makarantun Arewa yana neman masu rubuta ƙagaggun labarai da boko. A lokacin malamai da yawa na ganin ƙirƙirar labari aikin tatsuniya ne, na mata da yara, bai dace da mai rawani ba. Imam, yana ɗan shekara 22, ya aika da Ruwan Bagaja.

Littattafai biyar aka buga daga wannan yunƙuri. Akwai Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East, sai Ruwan Bagaja. Jiki Magayi ne kaɗai ya ginu a kan soyayya, inda wani attajiri ya raba Abubakar da Zainab, sai dai soyayyar ta ƙare ne a ɗaukar fansa da baƙin ciki. Na Imam kuwa dariya ce daga farko har ƙarshe: Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna yawo gari-gari, kowa na neman ya ɗana wa ɗan uwansa tarko. Salon ya yi kama da na Maƙamatul Hariri, littafin da almajiran ilmi na ƙasar Hausa suka daɗe suna karantawa.

Wannan raha ce ta ja hankalin East, har ya nemi a ba shi aron malamin daga Katsina.

Wata shida a Zariya

A 1936 Imam ya zo Zariya ya zauna kimanin wata shida. An tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban, na Larabawa da na Indiya da na Turai, aka ce ya fitar da abin da 'yan makaranta za su karanta. Daga nan Magana Jari Ce ya fito, littafi uku.

Matsalar da ke gabansa ba ƙarama ba ce. Da yawa daga cikin labaran da suka fi daɗi a waɗannan littattafai ba na yara ba ne. Alfu Laila cike yake da bayanin kyawun jiki da sha'awa da makircin masoya. Tsohon littafin Indiya na labaran aku guda 70, wanda Farisawa suka sake rubutawa da sunan Tuti Nama, gaba ɗayansa a kan abu ɗaya ya ginu: miji ya yi tafiya, matar tana shirin fita wurin wani da daddare, akun gidan ya riƙa janye ta da labari har gari ya waye.

Imam ya riƙe akun, ya riƙe daren, ya riƙe dabarar jan labari har asuba. Matar kawai ya cire. A gurbinta ya sa Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, wanda zuciyarsa ke ingiza shi ya bi rundunar mahaifinsa fagen yaƙi, alhali waziri ya ƙulla masa makirci a hanya. Ko yaƙin ma a kan zancen aure ya tashi, domin Sarkin Sinari ne ya nemi a haɗa 'yarsa Sinaratu da Musa, aka wulaƙanta manzanninsa. Ga fada, ga dawaki da barade, ga gimbiya, ga mugun waziri. Duk kayan da ake haɗa labarin soyayyar zamanin da da su suna nan, sai dai an tura soyayyar can bayan labule, an bar aku a gaba yana ba da dariya.

Inda ya ɗauko labarin soyayya kai-tsaye ma haka ya yi. Labarin Ƙamaruzzaman, ɗan sarkin da ya ƙi aure har mahaifinsa ya tsare shi, aljanu suka ɗauko wata gimbiya suka kwantar kusa da shi don su gwada wanda ya fi kyau, daga Alfu Laila yake. A Larabci an tsaya an yi dogon bayanin abin da ido ya gani a wannan dare. A Hausar Imam mai karatu zai gane cewa zukata sun kamu, zai ji ciwon rabuwa, amma malami zai iya karanta shafin da ƙarfi a gaban aji ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Zaman aure kuwa da barkwanci ya fi taɓa shi. Kalalatu, matar Kalala, ta cinye kajin da aka soya wa baƙo, sannan ta tsorata baƙon cewa wuƙar da maigida ke wasawa dominsa ake wasa ta, ta koma ta ce wa mijin baƙo ya gudu da kaji. Asalin labarin na Jamus ne, daga tarin 'yan uwan nan biyu masu suna Grimm, inda kuku ce da ubangidanta. Da Imam ya mai da su mata da miji, sai labarin ya zama na tsakar gidan Bahaushe, har yau mutane da dama ba su yarda baƙo ne ba.

A daidai shekarun nan ne wata marubuciya a Ingila, Georgette Heyer, ke kafa irin nata salon na soyayyar zamanin da mai cike da raha. Ita ta bi soyayyar har ƙarshe. Imam littafin makaranta aka sa shi, kuma ɗan alƙali ne, don haka ya tsaya inda kunya ta tsaya.

Jarida da siyasa

Bayan haka rayuwarsa ta karkata wani gefen. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, shi ne editanta na Hausa na farko, ya riƙe ta sama da shekara goma. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, tafiyar da ya ba da labarinta a Tafiya Mabuɗin Ilmi. Yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya yi ɗan majalisa, ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa. Rubuce-rubucensa na baya sun fi karkata ga tarihi da addini. Bai sake komawa ga ƙagaggen labari irin na farko ba, wanda hakan asara ce ga adabin Hausa.

Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yunin 1981, yana da shekara 70.

Shekara ɗaya kafin rasuwarsa kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Cikin 'yan shekaru littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano, da marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino. Waɗannan sun yaye labulen da Imam ya saki, suka yi maganar auren dole da kishiya da saki a fili. Suka ta biyo baya, cewa suna kwaikwayon finafinan Indiya suna ɓata tarbiyya, har a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta shirya ƙona wasu littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kano.

Masu wannan suka sukan kafa misali da Magana Jari Ce a matsayin adabi mai tsafta, na gida. Tsaftar gaskiya ce. Amma akun da suke yabo shi ma daga Indiya ya zo.