Walter Rodney: Malamin jami'ar da ya fito da tarihi daga ɗakin karatu

A shekarar 1970 maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar da wani littafi kan tarihin gabar tekun Afirka ta Yamma, tsakanin Gambiya da Laberiya, daga 1545 zuwa 1800. Littafi ne na masana, cike da hujjojin da aka tono daga tsofaffin takardun Turawan Fotugal. Marubucin, Walter Rodney, shekararsa 28 kacal. Da ya so, da ya ci gaba da irin wannan rubutun har ya tsufa a kan kujerar farfesa. Amma littafin da ya sa duniya ta san shi wani ne daban.

An haife shi ranar 23 ga Maris, 1942 a birnin Georgetown na ƙasar Guyana, lokacin tana ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya. Mahaifinsa tela ne. Ya yi digirin farko a Jamaika, sannan ya samu digirin digirgir a makarantar SOAS ta Landan a 1966 yana ɗan shekara 24. Kundin binciken nasa ne Oxford ta mayar littafi.

A 1968 ya koma Jamaika koyarwa, sai dai bai tsaya a aji ba. Yakan shiga unguwannin talakawan Kingston, ya zauna da matasa marasa aiki da 'yan Rasta, su yi hirar tarihin Afirka. Abin bai yi wa gwamnatin Hugh Shearer daɗi ba. A watan Oktoba, da ya dawo daga wani taron marubuta a Kanada, aka hana shi shiga ƙasar. Ɗalibai suka fito zanga-zanga, ta rikiɗe ta zama tarzoma.

Wannan kora ce ta nuna masa wata hanyar buga littafi. Wasu ma'aurata 'yan Guyana mazauna Landan, Eric da Jessica Huntley, suka kafa ƙaramin kamfanin ɗab'i mai suna Bogle-L'Ouverture, suka tattara jawaban da ya yi a Jamaika suka buga a 1969.

Su ne dai, tare da Tanzania Publishing House ta Darussalam, inda yake koyarwa a lokacin, suka buga babban aikinsa a 1972: How Europe Underdeveloped Africa, wato yadda Turai ta daƙile ci gaban Afirka.

Dabarar tana cikin yadda ya tsara shi. Tambaya ɗaya ya ɗauko, me ya sa Afirka ke fama da talauci alhali tana da arziki, ya bi ta cikin babi shida bai kauce ba. Babin farko ma bayanin ma'anar ci gaba ne, don kada a bar mai karatu a baya. Ya yi watsi da tarin ƙananan bayanan nan na ƙasan shafi da malaman jami'a ke alfahari da su. A maimakonsu, ƙarshen kowane babi ya kawo ɗan jerin littattafai ga mai son ƙari, har da ra'ayinsa kan kowanne. A gabatarwar kuma ya fito fili cewa 'yan Afirka yake yi wa magana, ba neman yabon masana yake yi ba.

Misalansa na abin da ido ke gani ne. Ya kawo batun jar fatar nan da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, ya nuna cewa majeman Hausawa da na Mandinka ne ke jeme ta su rina, Maroko hanya ce kawai. Ɗan sakandare zai riƙe wannan, ko da ya manta sauran.

Bai tsira daga suka ba. Wasu masana sun ce ya cusa nahiya guda da ƙarni biyar cikin hujja ɗaya, ya kuma ɗora wa Turai kaya fiye da kima. Akwai ƙanshin gaskiya a batun taƙaitawar. Amma masu cewa ya wanke sarakunan Afirka da alama ba su buɗe littafin Oxford ɗin ba, domin a can ya yi dogon bayani kan yadda masu mulkin gabar teku suka ci ribar cinikin bayi. Wannan binciken na farko ne ya ba shi ƙarfin yin magana kai tsaye a na biyu.

A 1974 ya koma gida don karɓar kujerar farfesa a Jami'ar Guyana, amma gwamnatin Forbes Burnham ta sa aka soke naɗin. Ya shiga siyasar adawa a ƙungiyar WPA, yana kuma rubuta tarihin ma'aikatan Guyana, wanda ya fito a 1981 bayan rasuwarsa.

Ranar 13 ga Yuni, 1980, wani bam da aka ɓoye cikin na'urar oba-oba ya tashi da shi a cikin mota a Georgetown. Shekararsa 38. Sai a 2016 hukumar bincike ta bayyana cewa wani sajan soja ne ya miƙa na'urar, kuma Burnham na da masaniyar makircin.

A shekarar da aka kashe shi ne aka buga Kofi Baadu Out of Africa, ɗan littafin tarihi da ya rubuta wa yara 'yan makaranta.