Clemens Winkler: Masanin da Ya Gano Sinadarin Jamaniyam

An haifi Clemens Alexander Winkler ranar 26 ga Disamba, 1838, a Freiberg, garin mahaƙan azurfa da ke yankin Saksoni na ƙasar Jamus. Ya yi karatu a makarantar nazarin ma'adinai ta garin, ya sami digirin digirgir a Jami'ar Leipzig a 1864, sannan a 1873 aka naɗa shi farfesan kimiyyar sinadarai a makarantar da ta yaye shi.

A shekarar 1885 aka tono wani baƙon dutse mai ɗauke da azurfa a mahaƙar Himmelsfürst da ke kusa da garin, aka miƙa wa Winkler domin ya tantance abin da ya ƙunsa. Ya auna azurfar da farar wutar da ke ciki, amma duk lokacin da ya haɗa lissafi sai kusan kashi 7 cikin ɗari ya yi ɓatan dabo. Da wani ne, da ya ɗora laifin a kan ma'auni ya wuce. Winkler kuwa ya shafe watanni yana maimaita gwaji, har zuwa ranar 6 ga Fabrairu, 1886, da ya tabbatar cewa giɓin wani sinadari ne da ba a taɓa sani ba. Ya raɗa masa suna jamaniyam don karrama ƙasarsa.

Wannan bincike ya gaskata masanin Rasha, Dmitri Mendeleev, wanda tun a 1871 ya yi hasashen samuwar sinadarin, ya kuma ƙiyasta cewa zai ninka ruwa nauyi sau biyar da rabi. Da aka auna, sai aka sami kusan 5.35. Hakan ya ƙarfafa amincewar masana da jadawalin sinadarai da ake koyarwa a makarantu har yau.

Jamaniyam, mai lamba 32 a jadawalin, fari ne mai ratsin toka da ƙyalli. Yana da tauri, amma yana saurin farfashewa, kuma yana narkewa a zafin digiri 938 na ma'aunin Selsiyus. Wutar lantarki na bi ta cikinsa tsaka-tsaki, siffar da ta sa aka ƙera tiransisto na farko da shi a Amurka a 1947. A yau ana amfani da shi a zaren gilashin da ke ɗaukar intanet da madubin na'urorin gani da dare.

Jikin ɗan Adam ba ya buƙatarsa. A shekarun 1980, wasu da suka daɗe suna shan sa a matsayin maganin ƙarin lafiya, musamman a Japan, sun gamu da lalacewar ƙoda, wasunsu ma suka rasa rayukansu.

Winkler bai ga zamanin tiransisto ba. Ya yi ritaya a 1902, ya kuma rasu a birnin Dresden ranar 8 ga Oktoba, 1904, yana da shekara 65.